Ganuwar Hadrian ko Tuddan Cotswold: Inda Ya Fi Dacewa Mutum Ya Yini Yana Tafiyar Ƙafa a Karkarar Ingila

Duk wanda karatu ko aiki ya zaunar da shi a Ingila, ko ba daɗe ko ba jima zai ji abokan zamansa suna labarin hutun da suka ƙarar a kan tafiyar ƙafa, wato mutum ya ware mako guda yana taka sayyada daga ƙauye zuwa ƙauye, ya kwana nan ya tashi can, ba fatauci ya fito ba, ba kuma ziyarar dangi ba. Hukuma ta keɓe dogayen hanyoyi domin haka a Ingila da Wales, an kuma yi musu alama guda, farin hoton ƙwallon itacen oak, wanda ya yi kama da goro sanye da hula, ana manna shi a jikin turaku da ƙyauren gonaki. Biyu daga cikin waɗannan hanyoyi su ne aka fi shawartar sabon shiga da su: hanyar Ganuwar Hadrian a can arewa kusa da iyakar Sikotlan, da hanyar Cotswold a kudu maso yamma. Na taka su duka biyun, kuma abin da na fahimta shi ne cewa tsawon hanya da shahararta ba su ne za su raba wa mutum gardama ba. Abin da ya kamata ya auna shi ne yadda yini ɗaya yake kasancewa a kan kowacce, daga ɗaura takalmi da safe zuwa kwance shi da yamma, sannan ya duba ko kwana nawa ke hannunsa.

Hanyar ganuwa tana da tsawon kilomita 135, daga Wallsend a gefen birnin Newcastle zuwa Bowness-on-Solway a gaɓar tekun yamma, an kuma buɗe ta a shekarar 2003. Yawancin mutane suna gama ta cikin kwana shida ko bakwai. Ta Cotswold ta fi ta tsawo, kilomita 164 ce daga garin Chipping Campden zuwa birnin Bath, ta shiga jerin manyan hanyoyin ƙasa a 2007, kuma tana cin kwana bakwai zuwa goma. Daga kowacce zan ɗauki zangon da aka fi yabo: a arewa, daga Chollerford zuwa Steel Rigg, kimanin kilomita 20, a kudu kuwa, daga Chipping Campden zuwa ƙauyen Stanton, kilomita 16 da ɗoriya.

Zangon arewa yana farawa ne a bakin kogin North Tyne, kusa da kufan sansanin sojan Rumawa na Chesters. Sa'o'in farko ba su da wani abin ɗaukar hankali sosai, domin hanyar tana bin gefen wani titin mota ne wanda aka shimfiɗa a shekarun 1750, bayan tawayen da ya taso daga Sikotlan a 1745 ya nuna wa gwamnati cewa sojojinta ba su da hanyar ratsa ƙasar daga gabas zuwa yamma. Masu aikin titin ba su ji nauyin tarihi ba, a wurare da dama sun rushe ganuwar sun yi wa titinsu harsashi da duwatsunta. Abin da ya tsira a tsakiyar hanyar ya tsira ne saboda wani lauya ɗan Newcastle, John Clayton, wanda ya yi ta sayen gonakin da ganuwar ta ratsa a ƙarni na 19 don kada manoma su ci gaba da kwashe ta suna gina garka da dakalin gida. A Brocolitia mutum zai wuce ɗan ƙaramin ɗakin bautar gunkin Mithras da sojojin suka gina a cikin wani kwari mai damshi. Daga nan sai titin ya karkata kudu, ƙarar mota ta ɓace, ƙasa ta fara tashi.

Daga tsaunin Sewingshields ne yinin yake zama abin da aka zo nema. Wani dogon ƙashin dutse baƙi ya ratsa ƙasar, ta gefen kudu yana hawa sannu a hankali, ta gefen arewa kuwa ya yanke tsaye kamar an sare shi da gatari, kuma a kan wannan baki ne Sarkin Rumawa Hadrian ya sa aka ɗora ganuwarsa tun daga shekara ta 122 miladiyya. Wanda ya san ganuwar Kano kada ya sa ran ganin tudu mai tsawo irin wancan. Abin da ya rage a nan jerin sassaƙaƙƙun duwatsu ne wanda a yawancin wurare bai wuce ƙirjin mutum ba, amma yana bin kowane tudu da kowane kwari ba tare da kaucewa ba, har inda ido ya gaza. Bayan kowane mil ɗaya na Rumawa akwai harsashin ɗan ƙaramin sansani mai ƙofa, tsakanin kowane biyu kuma akwai hasumiyar tsaro guda biyu, saboda haka mai tafiya yana iya ƙirga ci gabansa da su ba sai ya duba taswira ba. A cikin ɗaya daga waɗannan sansanoni na ci abincin rana, na jingina bayana da bangon arewa domin shi kaɗai ne ya tare mini iska, na zuba shayi daga filas, kafin in kai kofin baki ya riga ya huce. Da na tashi yin sallar azahar sai da na danne kusurwoyin dardumar da takalmi da jaka, in ba haka ba da ta riga ni isa Sikotlan. Wata tunkiya ta tsaya a bakin ƙofar da sojoji ke shiga shekaru kusan 1,900 da suka wuce, tana tuƙa tana kallona har na sallame.

Housesteads shi ne sansanin da ya fi kowane cika a kan ganuwar. Sojoji kimanin 800 ne suka zauna a cikinsa, asalinsu daga yankin da ake kira Beljiyam a yau, kuma har yanzu ana ganin rumbunan hatsinsu da aka ɗaga a kan ginshiƙai don gudun damshi da ɓeraye, da asibitinsu, da makewayinsu na taron jama'a wanda ruwa ke bi ta ƙarƙashinsa. Daga can zuwa Steel Rigg bai fi kilomita biyar ba, amma nan ne gwiwa take gane kurenta, saboda ƙashin dutsen ya tsattsage, sai mutum ya gangara ta matakalar duwatsu ya sake hawa, ya gangara ya sake hawa, tabkin Crag Lough yana can ƙasa ta hannun dama. A ɗaya daga cikin waɗannan tsagogi ne shahararriyar bishiyar nan ta Sycamore Gap take tsaye kafin wasu mutum biyu su sare ta da zarto cikin dare a watan Satumba na 2023, abin da ya kai su gidan yari. Kututturen yana nan an kewaye shi, ya kuma fara fitar da tofo.

Akwai wata ƙa'ida a wannan hanya da ta saɓa wa abin da muka saba. Mu a hanyar gona a jere muke tafiya, kowa yana taka sawun na gabansa. A nan masu kula da wurin suna roƙon a riƙa tafiya kafaɗa da kafaɗa, a kuma guje wa inda ciyawa ta fara mutuwa, domin a ƙarƙashin ciyawar akwai kayan tarihin da ba a tono ba, kuma turba guda idan ta zurfafa ruwa zai bi ta ya zaizaye su. Da wannan dalili ne ma suke so a yi doguwar tafiyar tsakanin watan Mayu da Oktoba, lokacin da ƙasa ta bushe.

Zangon kudu wata duniya ce dabam. Ana tashi ne daga tsakiyar Chipping Campden, gefen rumfar kasuwar da Sir Baptist Hicks ya gina a 1627, kuma kalmar farko ta sunan garin ma kasuwa take nufi a tsohon Turanci. Arzikin wannan yanki daga gashin tumaki ya fito. Tun ƙarni na 14 attajiransa suke sayar da ulu ga masaƙan Flanders, a yankin Beljiyam ta yau, da na Italiya, suka zuba ribar a cikin manyan majami'u da gidaje na wani dutse mai launin zuma, wanda shi ne har yau ake gina komai da shi, daga katangar gona zuwa rufin ɗaki. Cikin rabin sa'a mutum ya hau tudun Dover, inda ake wasannin gargajiya na shekara-shekara da suka samo asali tun wajen 1612, cikinsu har da wanda ƙarti biyu ke riƙe kafaɗar juna suna shurin ƙwaurin juna har ɗaya ya faɗi, abin da ke nuna cewa ba mu kaɗai ke da dambe da shaɗi ba. Daga nan sai wata doguwar shimfiɗar ciyawa tsakanin bishiyoyi, sai gonakin alkama da sha'ir, har a kai hasumiyar Broadway, wadda aka gama gininta a ƙarshen shekarun 1790 a kan tudu mai tsayin mita 312. Ba don yaƙi aka gina ta ba, ƙawa ce kawai ta masu kuɗi, amma daga gindinta ana hango kwarin Evesham shimfiɗe har zuwa tsaunukan iyakar Wales idan sama ta washe.

Babban bambancin yana bayyana ne da tsakar rana. Bayan kimanin kilomita goma hanyar tana gangarowa cikin garin Broadway, ta bi babban titinsa, inda akwai shagunan burodi da na shayi da kantin sayen ruwa da bayan gida na jama'a. Wanda ƙafarsa ta yi bororo zai sami abin liƙawa, wanda ya gaji kuma yana iya cewa a nan zangonsa ya ƙare ba tare da wata asara ba. A zangon ganuwa babu irin wannan sauƙi. Daga Chollerford har Housesteads, tafiyar sa'o'i huɗu ko fiye, kusan babu inda za a sayi ko kwalbar ruwa, kuma ko a Housesteads ɗin sai an sauka daga tudu zuwa bakin titi kafin a sami shayi, sannan a sake hawowa. Duk abin da mutum zai ci ko ya sha a ranar, a bayansa zai ɗauko shi. Ni dabino da gyaɗa da burodi da cuku nake ɗauka, da ruwa lita biyu, kuma ban taɓa dawowa da saura ba.

Sai dai kada wannan ya sa a ɗauka cewa hanyar Cotswold shan iska ce. Tana bin bakin wani dogon tudu ne, kuma waɗanda suka tsara ta sun so a ga ƙauyukan da ke gindinsa da kuma hangen da ke samansa, don haka kullum cikin hawa da sauka take. Bayan Broadway akwai hawa mai tsawo zuwa tudun Shenberrow, sannan gangara mai tsauri zuwa Stanton, wadda ke cin yatsun ƙafa idan takalmi ya matse. Ga kuma taɓo. Gindin tudun yumɓu ne, kuma idan aka kwana biyu ana ruwa, musamman a bakin ƙyauren da shanu ke bi, yakan zama kamar ƙasar gini da aka kwaɓa. Na taɓa tsayawa a irin wannan wuri, ƙafa ɗaya a kan matakalar tsallake shinge, ɗayar ta nutse har idon sawu, da na ja sai ƙafar ta fito da safa kawai, takalmin ya zauna abinsa. Wani dattijo da ke tafe da karensa ya miƙo mini sandarsa na ƙwaƙulo shi, bai ce komai ba sai dai ya yi tsokaci a kan yanayin sama, kamar yadda suka saba. A kan ganuwa ƙasar ta fi tsauri, wahalarta iska ce da ruwan da ke zuwa a kwance, ba kuma bishiya ko rumfar da za a fake. Galibi iskar daga yamma take busowa, saboda haka wanda ya tashi daga Steel Rigg ya nufi gabas ya sa ta a bayansa, kuma da zan sake yin wannan zango haka zan yi shi.

Batun kwana da abinci yana buƙatar shiri a duka hanyoyin, sai dai matsalar kowacce dabam. A Cotswold masauki yana da yawa amma yana da tsada, domin yanki ne da masu kuɗin Landan da baƙi daga ƙasashen waje ke rububinsa, kuma ƙananan ƙauyuka irin Stanton ɗakunan bakinsu kaɗan ne, sai an kama tun da watanni. A tsakiyar ganuwa masaukin ne ya yi ƙaranci, amma akwai masu sauƙin kuɗi, kamar ɗakunan kwanan matafiya da ke cibiyar baƙi ta The Sill a Once Brewed, kusa da Steel Rigg, wadda aka buɗe a 2017, da gonakin da ke ba da filin kafa tanti. Kafa tanti a gonar mutum ba da izininsa ba bai halatta ba a hanyoyin biyu. Akwai kamfanonin da ke ɗaukar babbar jaka daga masauki zuwa masauki a kan kuɗi, kuma a ganina wannan kuɗi bai faɗi a banza ba. Abincin dare kuwa, a ƙauyen Ingila kusan kullum a mashaya ake samunsa, ɗakin girkinta kuma yana rufewa da wuri. Wanda ba ya son zama a irin wannan wuri sai ya yi guzuri tun daga gari, wanda zai shiga kuma kifi da dankali ko abincin ganye su ne mafita, tare da tambaya ko an kwaɓa fulawar suyar kifin da giya, domin sau da yawa haka ake yi. Karin kumallon da masaukai ke alfahari da shi yana ɗauke da naman alade iri biyu da wani baƙin curi da ake yi da jini. A wani masauki na manta ban faɗa tun da dare ba, da safe uwar gidan ta ajiye mini farantin cike tana murmushi, kunya ta kama mu duka biyu. Tun daga ranar, lokacin kama ɗaki nake faɗa, kuma ban sami wanda ya ƙi soya mini ƙwai da tumatir da wake a kasko dabam ba.

Mai kula da sallar Juma'a ya tsara kwanakinsa da taswira a gabansa. A hanyar ganuwa masallatai suna Newcastle da Carlisle, wato kusa da farkon hanyar da ƙarshenta, tsakiya babu. A ta Cotswold akwai a Cheltenham, wanda ke gindin tudun Cleeve, wuri mafi tsayi a yankin mai mita 330, akwai kuma a Gloucester da Bath. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a arewacin Ingila sai wajen ƙarfe tara da rabi na dare, alfijir kuma yana ketowa tun mutum bai yi nisa da barci ba, don haka hasken tafiya ya wadata amma barci yana ƙaranci. Wanda ya je a watan Satumba kuwa zai sami wata riba a arewa: yankin Northumberland, inda tsakiyar ganuwar take, yana cikin wuraren da aka amince da su a 2013 a matsayin masu duhun sama, kuma a daren da babu gajimare taurari suna fitowa kamar yadda suke fitowa a ƙauyen da ba a kai wa lantarki ba, abin da mazaunin Landan ko Manchester ya daɗe bai gani ba.

Shanu da karnuka suna hanyoyin biyu. Turbar tana ratsa gonakin mutane ne bisa haƙƙin wucewa da doka ta tanada, saboda haka ƙyauren da aka tarar a rufe a mayar da shi a rufe, saniya mai ɗan maraƙi kuma a ba ta fili. Da yamma a duba ƙafafu da bayan gwiwa saboda kaska, domin tana ɗauke da cutar da ba a wasa da ita.

Wajen zuwa da dawowa, abin mamaki, ganuwar da ta fi nisa ita ta fi sauƙi. Jirgin ƙasa daga Landan zuwa Newcastle kimanin sa'a uku ne, daga can wani jirgin yana bin kwarin Tyne zuwa Carlisle yana tsayawa a Hexham da Haltwhistle, kuma tsakanin waɗannan garuruwa biyu akwai bas mai lamba AD122, lambar da aka ɗauko daga shekarar fara ginin, wadda ke tsayawa a Chesters da Housesteads da kufan sansanin Vindolanda da The Sill. Ma'ana mutum yana iya kwana wuri ɗaya, bas ta kai shi mafari ta ɗauko shi a ƙarshe. Chipping Campden kuwa ba shi da tashar jirgi. Ana sauka ne a Moreton-in-Marsh, sa'a ɗaya da rabi daga Landan, sannan a nemi bas ko tasi, kuma ranar Lahadi bas ɗin ƙauye ba abin dogaro ba ce.

Idan yini ɗaya ko biyu ne kawai a hannun mutum, ban ga abin da zai hana shi zaɓar ganuwa ba. Babu wani yini a hanyar Cotswold da ya kai wanda ke tsakanin Sewingshields da Steel Rigg, kuma washegari yana iya sauka Vindolanda, inda tun 1973 ake tono siraran allunan katako da sojoji da iyalansu suka yi wasiƙu a kansu. A cikinsu akwai ta matar wani kwamanda tana gayyatar ƙawarta bikin ranar haihuwarta, akwai kuma wadda ake sanar da wani soja cewa an aiko masa da safa da takalma da kamfai, saƙon da duk wanda ya yini cikin iskar wurin zai gane darajarsa. Amma idan mako guda ne, lissafin yana juyawa. Kyawun hanyar ganuwa ya taru ne a kwana biyu na tsakiya. Yinin farko kwalta ce ta cikin Newcastle a bakin kogi, ba a ma fara ganin ganuwa sosai sai a Heddon-on-the-Wall, daga nan kuma doguwar tafiya ce a gefen titin mota. Yinin ƙarshe, bayan Carlisle, fadama ce shimfiɗaɗɗiya inda ruwan teku kan hau kan titi idan ya cika, har sai an duba jadawalin cikarsa kafin a fita, ko da yake a can ne, a Burgh by Sands, rundunar sojan Rum 'yan Arewacin Afirka ta taɓa zama a ƙarni na 3. Hanyar Cotswold ba ta da yinin da ya yi fice irin na tsakiyar ganuwa, amma ba ta da yinin da za a yi da-na-sanin sa: kullum akwai tudu, akwai kurmi, akwai gari mai kanti irin Winchcombe ko Painswick ko Wotton-under-Edge, har a sauka a ƙofar babbar majami'ar Bath, daura da wurin wankan ruwan zafi da su ma Rumawan ne suka gina.

Wanda ke tafe da iyali ko da dattijo, ko wanda bai taɓa yin kilomita 15 a yini ɗaya ba, ya fara da Chipping Campden zuwa Broadway, ya ga yadda ƙafarsa za ta kwana. Wanda ya riga ya san ƙarfinsa kuma yake son wurin da zai yi sa'a guda bai ji muryar kowa ba sai ta tumaki, ya kama ɗaki a Once Brewed ko Haltwhistle na kwana biyu tsakanin Mayu da Satumba, ya sayi takalmin tun wata guda kafin tafiyar ya riƙa zuwa aiki da shi har ya saba da ƙafarsa, ya kuma sa rigar ruwa a saman jaka ko da ya ga rana ta fito da safe.